Kafin A Tambayi Yaran Birnin Gwari Kiredit A Lissafi

A ranar 4 ga Agustan 2025 hukumar WAEC ta fitar da sakamakon jarrabawar kammala sakandare, ta ce cikin ɗalibai kusan miliyan biyu da suka zauna, kashi 38.32 cikin 100 ne kawai suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Hankalin iyaye ya tashi, domin a 2024 kashi 72.12 aka samu. Bayan kwana huɗu hukumar ta dawo ta ba da haƙuri, ta ce an yi kuskure wajen makin ɗaya daga cikin takardun Turanci, ta gyara adadin ya koma kashi 62.96. An kwashe makonni ana ja-in-ja a rediyo da jaridu kan wanne ne adadin gaskiya.

A ganina, ga mutumin Birnin Gwari duka adadin biyu ba su faɗi komai a kan 'ya'yansa ba. Ko 38 ne ko 62, ƙidaya ce ta waɗanda suka kai ga zauren jarrabawa, suka biya kuɗin rajista, suka samu kujera. Yaron Randagi da aka rufe makarantarsu yana aji uku ba ya ciki. Yarinyar Kakangi da iyayenta suka gudo da ita cikin gari, ta koma talla, ba ta ciki. Wanda ya san kasuwar hatsi ya san ba a sayen masara da ganin bakin buhu. Mai saye yakan soka ƙarfe a tsakiya da gindin buhun, ya zuba ƙwayar a tafin hannu ya duba. Sakamakon WAEC bakin buhu ne, mu kuwa abin da ke gindi ya kamata ya hana mu barci.

Mu yi ɗan lissafi mai sauƙi. Firamare shekara shida ce, ƙaramar sakandare uku, babbar sakandare uku. Ke nan ɗalibin da ya zauna WAEC a 2025 ya shiga aji ɗaya na firamare ne a 2013. Mu bi shi sawu da ƙafa idan ɗan ƙasar Birnin Gwari ne.

Yana aji biyar gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta sallami malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000 da aka yi wa jarrabawar gwaji a 2017, saboda ba su ci maki 75 cikin 100 a tambayoyin 'yan aji huɗu ba. A wannan shekarar karatu dai, a watan Mayun 2018, 'yan bindiga suka afka wa Gwaska suka kashe aƙalla mutum 45. Yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare annobar korona ta rufe makarantun ƙasar nan wata da watanni. Yana aji biyu, ranar 15 ga Maris 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar firamare ta Rama da safe ana shirin fara karatu, yara suka watse, aka tafi da malamai uku. Yana aji uku aka katse layukan waya a yankin, aka hana cin kasuwannin mako-mako, aka taƙaita hawa babur. Yana aji biyu na babbar sakandare, ranar 7 ga Maris 2024, aka kwashe ɗaliban Kuriga da ke kan hanyar Birnin Gwari a ƙaramar hukumar Chikun, sai bayan fiye da mako biyu aka dawo da 137. Sulhun da aka yi da 'yan bindiga, wanda Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya tabbatar a watan Nuwamban 2024, har aka buɗe kasuwar shanun da ta shekara kusan goma a rufe, ya zo ne yaron yana ajin ƙarshe, saura wata shida ya shiga jarrabawa.

Wannan tarihin wanda ya jure ne. Gwamnatin jihar da kanta ta bayyana a 2024 cewa yawan yaran da ke firamare ya ragu da fiye da 200,000 a shekarar karatu ta 2022/2023, ta ɗora alhakin a kan rashin tsaro a ƙananan hukumomi irin su Birnin Gwari da Chikun da Giwa da Kajuru da Igabi, ta kuma ce za ta haɗe makarantu 359 da ke wurare masu haɗari da wasu da ke wuraren da ke da dama-dama. Ƙaramar hukumar Birnin Gwari faɗinta ya haura murabba'in kilomita 6,000, ga dajin Kamuku ga iyaka da dazukan Zamfara da Neja da Katsina. A irin wannan ƙasa, cewa an mayar da makaranta garin gaba yana iya nufin an raba yaro ɗan shekara bakwai da karatu ke nan.

Yanzu ƙura ta lafa gwargwado. Motoci na bin hanyar Kaduna, manoma sun koma gonakin da suka bari, ana buɗe makarantu. Mun gode Allah. To amma buɗe ƙofar aji daban, dawowar karatu daban, kuma babu darasin da wannan bambanci ya fi fitowa fili kamar lissafi. Yaron da ya rasa zango biyu na darasin zamantakewa yana iya zama ya saurari na yau ya fahimta. A lissafi kuwa kowane darasi yana hawa ne a kan na jiya. Wanda bai iya ɗebewa ba ba zai iya rabawa ba, wanda bai iya rabawa ba rabi da sulusi da rubu'i za su zame masa duhu, aljabara kuwa sai dai ya kwafa daga allo.

Ga misali kusa. Rubuta wa yaro 52, ka rubuta 27 a ƙarƙashi, ka ce ya ɗebe. Malaman firamare sun san amsar da ta fi yawan fitowa daga yaron da tushensa ya samu tangarɗa: 35. Ya dubi 2 da 7, ya ga ba a iya cire bakwai daga biyu, sai ya juya ya cire biyu daga bakwai ya rubuta 5. Ya dubi 5 da 2 ya rubuta 3. Yaron yana da tunani, har ma ya ƙirƙiro wa kansa doka. Abin da ya wuce shi guda ɗaya ne: ba a taɓa nuna masa cewa biyar ɗin nan goma-goma ce guda biyar, ana iya aro ɗaya a warware ta ta zama ɗai-ɗai guda goma ba. Darasin mako guda ne a aji biyu ko uku. Idan a makon aka gudu daga gari, ko malamin bai iya shigowa ba, yaron zai ɗauki wannan giɓi ya shiga da shi sakandare, babu wanda zai lura.

Babu wanda zai lura ne saboda yadda tsarin yake tafiya. Idan aka buɗe makaranta bayan shekara biyu ko uku, ana duba shekarun yaro da tsayinsa a zaunar da shi aji biyar. Malami yana da manhajar aji biyar a hannu, mai duba makarantu kuma idan ya zo abin da zai tambaya shi ne ko an kai inda manhaja ta ce a kai. Sai malami ya yi ta rubutu a allo, yara biyar na gaba suna bin sa, sauran suna kwafa. Ƙarshen shekara kowa ya wuce aji na gaba. A haka har a kai shekarar WAEC, sannan uba ya gane ɗansa ba zai iya cin lissafi ba, ya shiga neman kuɗin da zai kai shi wata cibiya da aka ce ana taimako. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Satar amsa da muke kuka da ita a aji shida na sakandare, a aji uku na firamare aka shuka ta.

Matsalar ba ta Birnin Gwari kaɗai ba ce. Binciken gida-gida da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya gano cewa cikin yaran Najeriya 'yan shekara 7 zuwa 14, kashi 25 cikin 100 ne kawai suka iya lissafin tushe: karanta lamba, gane wadda ta fi girma, tarawa, da cike lambar da ta ɓace a jeri. Yaro ɗaya ke nan cikin huɗu, kuma an haɗa da na Legas da Abuja da ba su taɓa kwana a daji ba. Mai hankali ya auna da kansa inda yaran Dogon Dawa da Kuyello da Tabanni za su faɗo.

Wasu za su ce ai dama yaranmu ba su da kan lissafi. Wannan magana ba ta da tushe, kuma kasuwar Birnin Gwari ta isa ta ƙaryata ta. Tsaya gaban yarinya mai tallar gyaɗa, ka sayi ta naira 270 ka miƙa mata 500, kafin ka rufe baki ta ƙirgo maka 230. Ɗebewa ce da aro, irin wadda ta gagari yaron can a takarda. Manomin da bai taɓa shiga aji ba ya san cikin buhu goma na noman damina ɗaya na zakka ne, makiyayi ya san shanu talatin maraƙi ɗaya ne, tumaki arba'in tunkiya ɗaya. Malamin zaure yana raba gado, ya fitar da sumuni na mata da sudusi na uwa, ya nemo asalin da zai raba su ba tare da ragowa ba, wanda shi ne ainihin abin da ake koya wa 'yan makarantar boko a aji biyar. A ƙasar Hausa aka yi Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rubuta littafi kan ƙa'idojin tsara hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. A Arewa aka yi Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya yi digirin digirgir a Kambirij, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978.

Abin da ya ɓace shi ne gadar da za ta haɗa lissafin kasuwa da na takarda. Masu bincike a Indiya, cikinsu har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo da suka ci kyautar Nobel, sun gwada yara sama da 1,400 masu sayar da kaya a kasuwannin Kolkata da Delhi. Sun tarar yaran suna warware lissafin ciniki mai wuya da ka, amma idan aka rubuta musu irinsa ko wanda bai kai shi ba a salon makaranta sai su kasa. Ɗaliban makaranta kuma suka yi akasin haka. Gina wannan gada aikin malami ne, kuma da harshen da yaro yake tunani da shi ake gina ta.

A nan ne nake ganin matakai uku da Abuja ta ɗauka a 2025 sun bi ta gefen matsalarmu. Na farko, a watan Oktoba Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar cewa kiredit a lissafi ya daina zama sharaɗin shiga manyan makarantu ga masu neman darussan adabi da makamantansu, ko da yake dole ne kowa ya zauna jarrabawar. Wasu sun yi murna. Amma me Birnin Gwari ta fi buƙata? Nas-nas da unguwarzoma da za su zauna a asibitocin karkara, malaman gona, masu awon ƙasa da injiniyoyin da za su san darajar zinariyar da ake tonowa a ƙasarsu, da malaman lissafi su kansu. Shekarun tashin hankali sun koya mana cewa baƙon ma'aikaci shi ne farkon tafiya idan gari ya rikice, ɗan gari ne ke zama. Duk waɗannan kwasa-kwasai har yanzu sai da kiredit a lissafi. Sassaucin bai buɗe wa yaranmu ƙofar da suka fi buƙata ba.

Na biyu, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da shirin mayar da jarrabawar WAEC da NECO ta kwamfuta. Yana iya rage satar amsa, wannan gaskiya ne. Sai dai kwamfuta ma'auni ce kawai. Yaron da ya rubuta 35 a takarda 35 zai danna a kwamfuta, idan ma ya taɓa ganin ta kafin ranar.

Na uku shi ya fi ciwo. A watan Nuwamba ministan ya sanar da soke manufar 2022 ta koyar da 'yan firamare da harshen uwa, ya ce a koma Turanci tun daga farko, yana kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a WAEC da NECO da JAMB. Mu koma ga lissafinmu na ɗazu. Wanda ya zauna WAEC a 2025 ya bar firamare tun 2019, shekara uku kafin a amince da manufar. Ta yaya za a ɗora mata laifin faɗuwarsa? Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara shekara shida da Yarabanci, ya nuna ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba. Yaron Gayam da bai taɓa jin Turanci a gida ba, idan aka fara masa aro da ajiya da Turanci, nauyi biyu aka ɗora masa lokaci guda. Ya koyi Turanci a matsayin darasi, ya koye shi da kyau. Amma goma da ɗai-ɗai a bayyana masa su da Hausa.

To mene ne abin yi? Farko a auna. Jihar Kaduna ta nuna tana iya aunawa idan ta so: ta gwada malamai a 2017, ta sake gwada su, ta sallami wasu 2,357 a 2022, kuma kowa ya ji adadin. Yanzu a juya ma'aunin kan abin da yara suka iya. Ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba. Tun 2005 ƙungiyar Pratham ta Indiya take bi gida-gida da takarda ɗaya tal mai hawa huɗu: gane lamba daga 1 zuwa 9, gane lamba har 99, ɗebewa mai aro, da raba lamba mai gida uku da lamba ɗaya. Ana zama da yaro shi kaɗai, minti kaɗan, a ga inda ya tsaya. Alfanun zuwa gida shi ne har yaron da ba ya zuwa makaranta ana ƙirga shi. Kenya da Uganda da Tanzaniya da Mali da Senegal duk sun kwaikwayi tsarin. Birnin Gwari gunduma 11 gare ta. Matasan da suka gama NCE suke zaune, da malaman Islamiyya, da kwamitocin kula da makarantu, sun isa su zagaye su cikin hutun zango guda idan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da ofishin sakataren ilimi suka tsara, masarauta ta sa albarka.

Na biyu, a faɗi sakamakon. A liƙa shi a sakatariyar ƙaramar hukuma, a karanta shi a fadar hakimai, gunduma bayan gunduma: cikin yara ɗari 'yan shekara goma a Kazage, kaza ne suka iya ɗebewa, a Kutemeshi kaza, a Magajin Gari kaza. Wani zai ce tonon silili ne. Ni kuwa ina ganin shi ne kaɗai abin da zai ba kansila da ɗan majalisa da ƙungiyoyin ci gaban masarautar irin su BEPU, waɗanda suka yi shekaru suna kai kukan tsaro, hujjar da za su tsaya a kai su nemi malamai da kayan aiki. Adadin azuzuwan da aka yi wa fenti yana da daɗin faɗa a taro, amma ba ya nuna ko yaro ya koyi wani abu.

Na uku, a koyar da yaro daga inda ya tsaya. A ware awa ɗaya ko biyu kullum, a ajiye batun aji, a raba yara bisa abin da suka iya. Masu koyon gane lamba su zauna wuri ɗaya ko da wani ɗan shekara goma sha uku ne, masu ɗebewa wuri ɗaya, masu rabawa wuri ɗaya. Kayan aikin tsinke ne da zare. Malami ya sa yaro ya ɗaure tsinke goma-goma, ya ajiye ɗauri biyar da tsinke biyu, ya ce masa ba ni ashirin da bakwai. Yaron zai miƙa ɗauri biyu, ya tsaya yana kallon tsinke biyun da ba su kai bakwai ba, sannan da kansa ya kwance ɗauri guda. Ya ƙirga abin da ya rage ya samu ɗauri biyu da tsinke biyar. Daga ranar ya gane abin da ake nufi da aro, kuma da wuya ya sake rubuta 35. An gwada wannan hanya a Borno, an gwada ta a Kano a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa da 'yan aji huɗu zuwa shida, kuma da Hausa aka yi.

Na huɗu, malami. Duk tsarin da aka zo da shi, idan babu mai tsayawa gaban allo a Damari ko Dogon Dawa ranar Litinin da safe, aikin banza ne. A ɗauki 'yan asalin gundumomin da suka fito daga kwalejojin ilimi na Zariya da Gidan Waya, a ba su horo na musamman kan lissafin tushe, a ƙara wa mai zama a karkara alawus ɗin da zai ji a aljihunsa, a biya shi kan lokaci. Malamin da ya ga abin da ya faru a Rama kuma ya yarda ya koma aji ya cancanci fiye da godiyar baki.

Na san masu cewa a bari tsaro ya zauna da gindinsa tukuna. Tsaro shi ne gaba, babu musu. Amma yara ba sa jiran zaman lafiya kafin su girma. Wanda yake ɗan shekara tara lokacin harin Rama yanzu ya doshi sha biyar. Idan ya ga aji ya fi ƙarfinsa, ya gaji da kwafar abin da bai gane ba, ramin haƙar zinariya na kiran sa, kuma mun san dajin ma yana da masu kira. Gyara karatun wannan yaro yana cikin aikin tsare sulhun da aka samu.

Saboda haka kirana ga Gwamna Uba Sani da hukumar SUBEB da shugaban ƙaramar hukuma shi ne su sa gwajin lissafin tushe na kowane yaro a gundumomin Birnin Gwari cikin kasafin shekara, su riƙa bayyana sakamakon kowace shekara. Ina roƙon Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, ya umarci hakimai da dagatai su buɗe wa masu gwajin ƙofofin gidaje. Kai kuma uba, ke kuma uwa, kada ku jira gwamnati. Ku kira yaronku na aji huɗu yau, ku ba shi lamba biyu ya ɗebe a takarda. Idan ya kasa, kada ku doke shi. Ku riƙe hannunsa ku je wurin hedimasta gobe da safe, ku tambayi ranar da za a fara gyara.